Motsin ɗa a ciki a watannin ƙarshe

Motsin ɗa a ciki shi ne duk wani shuri, juyi, miƙa ko zillo da mai juna biyu take ji daga abin da ke mahaifarta. Mai cikin fari yawanci sai sati 18 zuwa 20 take fara jinsa, wadda ta saba haihuwa kuwa tun wajen sati 16 ma takan gane. Yana ƙaruwa har kusan sati 32 daga nan ya tsaya a haka, amma fa ba ya raguwa, ko da gobe ne haihuwar. Maganar da ake yawan yi a gidajen Hausawan Mai Wurno da Sinnar da Gadarif a ƙasar Sudan, wai in wata tara ya kama yaro yakan yi shiru don wuri ya yi masa kaɗan, likitoci ba su yarda da ita ba. Salon motsin ne ke canzawa, ba yawansa ba.

Irin motsin da ke ba mata mamaki

Wanda aka fi tambaya a kai shi ne wani ɗif-ɗif da ake ji a wuri ɗaya, a jere kamar bugun agogo, ya yi ƴan mintuna ya daina. Shaƙuwa ce yaron yake yi, galibi ba komai ba ne. Sai miƙa da murɗawa, a ga diddige ya taso ta gefen cibiya ya zame ya koma. Idan kai ya juya ƙasa shurin a haƙarƙari ake jinsa, in kuma yaron a zaune yake, abin da ke faruwa a ciki 3 zuwa 4 cikin 100 lokacin haihuwa, to shurin a mara da mafitsara yake sauka, ga wani abu mai tauri a tokare a sama. Ɗaurewar da ciki ke yi tamau ya saki kuwa ba yaron ba ne, mahaifa ce, wani likitan Ingila John Braxton Hicks ya yi bayaninta a 1872. Yaro yana barci minti 20 zuwa 40, da wuya ya wuce 90. Mabiyiya in tana ta gaba tana rage jin motsi.

Tarihi

Tun da can motsi shi ne shaidar da ake da ita cewa akwai rai. Hadisin Ibn Mas'ud ya kawo busa rai bayan kwana arba'in sau uku, wato 120, wanda ya zo kusa da lokacin da uwa ke fara jin motsi. Akwai kuma batun kwantaccen ciki, da Hausawa da mutanen Magrib, wato Arewacin Afirka, duk suka sani, cewa ciki na iya kwanciya shekaru kafin ya tashi, har malaman Malikiyya suka kai iyakar goyon ciki shekara huɗu ko biyar. Likitanci bai san wannan ba, kuma inda abin yake da haɗari shi ne mace ta ji shiru a ce mata ai kwanciya ya yi, ki yi haƙuri.

A Sudan aikin ungozoma na zamani ya faro ne daga makarantar da Mabel Wolff ta buɗe a Omdurman wajajen 1921, inda aka riƙa koyar da dayoyi (daya ita ce ungozoma a bakin mutanen Sudan) waɗanda yawancinsu ba su iya karatu ba, har magani ma da ƙamshi da ɗanɗano suke gane shi. Har yau daya a karkara takan laluba ciki da hannu ta kafa ɗan ƙahon nan na Pinard ta sa kunne ta saurari bugun zuciya. Ƙirga motsi kuwa daga baya ya zo, wani likita Sadovsky ya kawo shi a Ƙudus a 1973, sai tsarin ƙirga motsi goma na birnin Cardiff a Birtaniya a 1976.

Saɓani

Ana saɓani kan ko ƙirga motsi da tsarin sa ido a kansa suna rage haihuwar gawa, don babban gwaji na 1989 da wani na Birtaniya da Ailan a 2018 ba su nuna raguwar haihuwar gawa a fili ba. Motsi mai tsananin ƙarfi na farat ɗaya shi ma ba a daidaita a kansa ba, sai dai in shiru ya biyo baya ana ɗaukarsa da muhimmanci.

Raguwar motsi

Ba wani adadi da ya hau kan kowa, kowane yaro da nasa sabon, uwa ce ta san shi. In motsin ya ragu, ko ya yi rauni, ko ya tsaya, a tafi mustashfa, wato asibiti, a ranar, ko da dare ne ko ana azumi, ba a jira gari ya waye ko a tsaya shan ruwan sanyi da karkade (zoɓo) a ga ko zai farka. Abin da kan jawo haka akwai gazawar mabiyiya, hawan jini, ciwon suga, ƙarancin ruwan mahaifa, sai maleriya da ƙarancin jini da suka yi yawa a gabashin Sudan. A can za a saurari zuciya, a ɗaura na'urar CTG mai auna bugun zuciyar yaro da ɗaurewar mahaifa, a yi sikanin in da hali. Tun yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 asibitoci da yawa sun rufe ko sun lalace, shi ya sa a wurare da dama dayar unguwa ce ake fara kira.