Dirarriya

Dirarriya sifa ce a harshen Hausa da ake yi wa macen da jikinta ya cika, gaɓoɓinta kuma suka dace da juna, wato mai cikar ƙirji da shafaffen ciki da faɗin ƙugu. Ana ce wa namiji dirarre, jam'i kuma dirarru. Tana iya zuwa kafin suna, a ce dirarriyar mace, ko bayansa, a ce mace dirarriya.

Tushen kalmar shi ne diri, wato tsayuwar jiki da fasalinsa, kamar yadda ake cewa wance tana da kyan diri. An gina ta ne a kan tsarin cikakke, cikakkiya, cikakku. Yawancin sifofin wannan tsari daga aikatau suke fitowa, irin su dafaffe daga dafa, amma kaɗan daga suna suke, kamar lafiyayye daga lafiya, kuma a cikin waɗannan ne dirarriya take. Idan an yi wa namiji ita, abin da ake nufi shi ne faɗin kafaɗa da ƙirji da murɗaɗɗen jiki irin na ɗan kokawa.

Abin da ya fi muhimmanci a ma'anarta shi ne daidaito take nufi, ba yawan jiki ba. Hausa tana da wadatar kalmomi na girma, kamar ƙatuwa da lukuta da ribɗeɗiya, akwai kuma mai jiki, wadda ake faɗa cikin ladabi don kauce wa ambaton ƙiba. A ɗaya gefen akwai santaleliya, wato doguwa siririya mai sulɓin jiki. Dirarriya ba ta cikin ko ɗaya daga waɗannan, domin gajeriya tana iya zama dirarriya, doguwa ma haka, muddin sama da tsakiya da ƙasa sun amsa wa juna. Maganar da ta fi kusa da ita ita ce ƙirar kalangu, saboda kalangu yana da faɗi a bakunansa biyu, ya tsuke a tsakiya. Masu amfani da kalmar dirarriya a matsayin sakaya ƙiba suna rage mata daraja, suna kuma toshe wata kafa da harshen ya buɗe da kyau.

A hirar yau da kullum akan kuma ce mai diri ko mai kyan jiki. Kalmar dirarriya takan fito a littattafan soyayya na Kano, waɗanda suka bunƙasa tun shekarun 1980, inda marubuta suka saba siffanta jarumar labari daga kai har ƙafa.

Shagon tela na daga cikin wuraren da kalmar take aiki na zahiri, musamman gab da sallah, ko lokacin da matan Kamaru suke rububin ɗinka atamfar ranar mata ta 8 ga Maris. Tela yakan auna ƙirji da ciki da ƙugu da tef, kuma tazarar da ke tsakanin awon ciki da na ƙugu ita ce take nuna masa yadda zai yanka siket. Goggon amarya da ta kawo ɗinkin lefe tana iya cewa, "Malam, ka saki siket ɗin ta ƙugu, ka kama shi ta ciki, ɗiyar tawa dirarriya ce." A nan bayani ne tsantsa, babu wanda zai ji kunya.

A wasu wuraren kuwa akwai ƙa'ida. Mata sukan faɗi kalmar a tsakaninsu wajen kamu ko buɗar kai, kuma da wuya a faɗe ta ba a haɗa da tubarkalla masha Allah ba, don gudun kambun baka. Miji yana iya yi wa matarsa ita a keɓe. Amma namiji ya siffanta matar wani ko 'yar wani da ita a majalisa rashin kunya ne, haka nan ba a furta ta a gaban surukai.

Sha'awar samun wannan ƙira ta sa wasu 'yan mata suna shan magungunan ƙiba da ake kira sha ka fashe, waɗanda sau da yawa suke ɗauke da dexamethasone ko cyproheptadine, ba tare da umarnin likita ba. Abin takaici ne, domin daɗewa ana shan dexamethasone yana kumbura fuska, ya tara kitse a ciki da bayan wuya, ya sirantar da hannuwa da ƙafafuwa, kuma yana iya jawo hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi.