Wannan kwanson na wace bishiya ce? Ga amsa, a daina kirana da dare

Shekara da shekaru ina rainon dashe a bakin kogin Kaduna, kuma duk rani sai wayata ta cika da hotunan kwanso. Bakina ya gaji. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Kwanso kaɗai ya isa a gane bishiya?

Wani sa'in. Amma haɗo da ganye, ka faɗa mini ko tana da ƙaya. Kwanson da ka tsinta a kwata ba lallai na bishiyar da ke kansa ba ne, ruwa na jan kaya.

Dogaye ne suna reto a tare, cikinsu gari ruwan ɗorawa.

Ai ka faɗi sunan da bakinka. Ɗorawa ce. Ƙwayar ita ce kalwa da ake daddawa, ɓawon kuma makuba. Ɗan Bahaushe da wannan tambaya, Allah ya kyauta.

In ɗanɗana in ji?

A'a. Idon zakara, ƴar jar ƙwayar nan mai baƙin ɗigo da yara ke wasa da ita, guba ce in aka tauna. Harshe ba ma'auni ba ne.

Malam, ragona na layya ya ci wasu da suka zubo a bayan gida. In bar shi?

To, a nan zan zauna, Hajiya, don ba amsa ɗaya ba ce. In kwanson ruwan lemo ne, a murɗe kamar kunne, bishiyar na da ƙaya kuma ganyenta shar da rani amma tsirara da damina, gawo ne, ki kwantar da hankalinki. Makiyaya har tara shi suke yi. In faffaɗa ne mai tauri, launin ƙasa mai duhu, ganyen a rabe biyu kamar sawun raƙumi, kalgo ne, shi ma dabbobi na ci, sai dai an fi daka shi. In kuwa ƙulli-ƙulli ne kamar carbi, bagaruwa ce ta majema. Ɗan kaɗan ba ya komai, amma abin da ke jeme fata ba abin cika wa rago ciki ba ne.

Inda nake jin tsoro shi ne faffaɗan kwanso siriri daga bishiya marar ƙaya da ba ki sani ba, musamman in gidanki na bakin daji wajen Kujama ko hanyar Birnin Gwari. Samberu haka nasa yake, kuma ganyensa na kashe awaki da tumaki. Ba na ce shi ne ba, bishiyoyi da yawa marasa illa haka nasu yake, shi ya sa ba na yanke hukunci daga hoto. Ki ɗaure ragon nesa, ki share wurin, ki lura ko yana tuƙa. In ya daina ci, yana dalala ko tangaɗi, likitan dabbobi za ki kira, ki riƙe reshe da kwanson ki nuna masa. Ko gawon ma in ya yi fumfuna a buhu, zubar.

Wani kamar takobi, ya kai kamu guda, kakata ba ta san shi ba.

Ba laifinta ba ne, baƙuwa ce. Asalinta Madagaska, ita ce mai jan fure gab da damina a tsofaffin unguwannin ma'aikata irin su Unguwar Rimi. Masana na ce mata Delonix regia.

Baƙar ƙwaya mai jar hula, cikin kwanso kamar katako?

Kawo. Kullum kana bin gadar Kawo, ba ka taɓa ganin mai sunan ba. Wanda kuma ke fashewa da ƙara da tsakar rana ya murɗe, a dajinmu galibi doka ce.

Manhajar waya mai gane bishiya daga hoto fa?

Tana taɓukawa, amma ta sha laƙaba wa itatuwanmu sunayen na Indiya da Amurka. In abin ya dame ka, sa reshe mai ganye da kwanso tsakanin jaridu, danne da bulo har ya bushe, rubuta wuri da wata. Kai shi Kwalejin Gandun Daji da ke Afaka, ko ma'ajiyar busassun tsirrai ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Kafin ka kashe kuɗin mota, nuna wa mai sassaƙa turmi ko ƴan magani na Kasuwar Bacci tukuna.