Waiwaye: Malaman kiɗa a Jamus da kasafin kuɗin kansiloli

A ranar 28 ga Yunin 2022 babbar kotun harkokin walwalar jama'a ta Jamus, da ke birnin Kassel, ta yanke hukunci kan wata malamar piyano a makarantar kiɗa ta garin Herrenberg. Shekara 15 ta yi tana koyarwa ana biyanta kuɗin awa, a matsayin mai zaman kanta. Kotu ta ce a'a, ma'aikaciyar gari ce. Ɗakin karatun na makaranta ne, piyanon na makaranta ne, jadawalin ma haka, saboda haka dole gari ya zuba mata kuɗin fansho da inshora kamar kowane ma'aikaci.

Tushen maganar ya kai shekara ɗari. Bayan yaƙin duniya na ɗaya aka ɗauki Leo Kestenberg aiki a ma'aikatar ilimi ta Furusiya, jiha mafi girma a Jamus a wancan lokaci. Gwanin piyano ne, ɗalibin shahararren makaɗin piyano Ferruccio Busoni, kuma ɗan gurguzu da ya yi imani cewa ɗan lebura ma ya cancanci koyon kiɗa. A 1925, bisa jagorancinsa, aka fitar da dokar da ta tanadi jarrabawar gwamnati ga masu koyar da kiɗa, sana'ar da a da kowa ke faɗa mata yadda ya ga dama. Kafin nan, a 1923, wani malamin kiɗa mai suna Fritz Jöde ya buɗe makarantar kiɗa ta yara a unguwar Charlottenburg ta Berlin. Kestenberg bai ci gajiyar aikinsa ba. Bayahude ne, an raba shi da kujerarsa a 1932, ya tsere wa mulkin Nazi zuwa Prague a 1933, ya rasu a Tel Aviv a 1962.

A 1952 makarantun kiɗa 12 suka haɗu suka kafa ƙungiya, yau mambobinta sun haura 900. Sai dai a yawancin jihohi doka ba ta wajabta wa gari riƙe makarantar kiɗa ba, aikin ganin dama ne. Don haka duk shekarar da aljihu ya yi rauni, nan kansiloli ke fara kai almakashi. Hanya mafi sauƙi ita ce ɗaukar malamin awa: yaro ya zo bayan tashi daga makaranta, a zauna minti 30 ana gyara masa zaman yatsu, a biya malami na wannan zaman kaɗai. Galibi ba albashin hutu, ranar da ciwo ya kwantar da shi kuwa sai haƙuri. Wannan bai dace da mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan sana'a ba.

Bayan hukuncin Herrenberg wasu garuruwa sun ba malamansu cikakken aiki, wasu sun ƙara wa iyaye kuɗin makaranta. A farkon 2025 majalisar dokokin tarayya ta amince da sassauci na wucin gadi, wanda ya bar garuruwa su ci gaba da biyan kuɗin awa muddin malamin ya yarda.