Taswirar kachala daga sama: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tun da na nuna wa wasu ɗalibai hoton dam ɗin Tiga daga sama da na shafa wa gefensa ja don nuna inda ciyawar kachala take, wayata ba ta huta ba. Tambayoyin su ne dai kullum, to ga su nan.

Sai na sayi diron (ɗan jirgi mara matuƙi) kafin in fara?

A'a. Tauraron ɗan Adam na Turai, Sentinel-2, yana bi ta kanmu duk kwana 5, hotonsa kyauta, kowane ɗigo na hoton mita 10 ne a ƙasa. QGIS, manhajar haɗa taswira, ita ma kyauta. Diron batirinsa da ƙyar ya kai rabin awa, Tiga kuwa ba kududdufin unguwa ba ne. Kuma sai da izinin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, kar ka je ka tashi abu kusa da dam jami'an tsaro su yi awon gaba da kai sannan ka kira ni.

Ta yaya hoto yake gane ciyawa a ruwa?

Ruwa yana shanye hasken infrared, wanda ido ba ya gani, ɗanyen ganye yana mayar da shi. A kan haka aka gina lissafin NDVI, wanda ke auna koren ganye a hoto. Ka je ka karanta.

Me ya sa kachala ta yi yawa haka?

Tiga an gama shi 1974, dam ɗin Challawa 1992. Da can rani na yi kogin Haɗeja ya janye, ƙasa ta bushe, yanzu ana sakin ruwa daga dam ɗin nan biyu kusan duk shekara, kachala kuma abin da take so ke nan. Daga Haɗeja zuwa Nguru ta toshe magudanai, jan-baki ya samu gidan kwana yana cinye wa manoma shinkafa.

Ya zan bambance kachala da shinkafa ko kainuwa a hoton?

Nan ne aikin yake, kuma duk wanda ya ce maka da dannawa ɗaya ake yi, yaudararka yake. A NDVI duk kore kore ne. Abin da nake yi, ban ce shi kaɗai ne daidai ba, ina jera hotunan watanni da yawa. Shinkafa ana shukawa ana girbewa, za ka ga gonar ta yi kore sannan ta koma ƙasa, ga kunyoyi a miƙe. Kachala tana nan inda take, sai dai in an ƙone ta ko an yanke, to nan ma tana iya ruɗa ka don sabon tohonta kamar shinkafa yake. Kainuwa kuwa ba ta da saiwa a ƙasa, iska ke kaɗa ta, yau tana gabas jibi tana yamma, in tabon ya yi tafiya tsakanin hoto biyu mai yiwuwa ita ce, amma gansakuka ma tana yin haka. Siririn layin ciyawa da bai kai mita 10 ba kuwa zai cakuɗe da ruwa a ɗigo ɗaya, a nan kaɗai nake yarda a kawo diron.

Ni na taɓa shafa wa wani lungu ja da sunan kachala, da muka je da kwale-kwale wani dattijo masunci ya kalli takardar ya ce "yaro, ai wannan burgu ne, shanu ake yankar wa". Tun ranar ba na fitar da taswira sai na shiga ruwa da GPS na ɗau lambobin wuraren.

Gajimare ya rufe min hoton Agusta, na ɓata aikin?

Kwantar da hankalinka, kowa haka yake samu. Ka jira Oktoba, ko ka gwada Sentinel-1, shi rada ce, tana ratsa gajimare.

Yaya, za ka turo min taswirarka in saka a firojet ɗina?

A'a.