Ɓare rufin kariya daga firam ɗin babur

Ɓare rufin kariya shi ne raba firam ɗin babur da abin da aka manna masa da gam don kada fentinsa ya ƙuje. Firam shi ne ƙarfen da ke ɗauke da inji da tanki da kujera, kuma inda ya fi shan wahala shi ne gefen da takalmi ko gwiwar mai tuƙi ke goga kullum. Nan ake liƙa sitika, ko leda mai kauri, ko farantin roba ko na zaren kabon (wani abu mai ƙarfi mara nauyi), irin wanda aka fi gani a baburan tsere. Leda mai haske da ake amfani da ita yau asalinta kayan soja ce: kamfanin 3M ya samar da ita a zamanin yaƙin Biyetnam don kare farfelar jiragen Amurka masu saukar ungulu daga yashi da tsakuwa.

Ana cire rufin ne idan ya tsufa, ko gefensa ya ɗaga, ko za a sake fenti. Ɗagawar gefe ita ce abin tsoro, domin ruwa da ƙura na shiga ta nan su kwanta, tsatsa ta yi ta cin ƙarfe a ɓoye alhali sama na sheƙi.

Yadda za a ɓare ya danganta da irin gam ɗin. Na sitika da leda yana laushi idan ya ji ɗumi, don haka ake hura masa na'urar busar da gashi har wurin ya yi zafin da hannu zai iya jurewa, wajen digiri 50 zuwa 60. A ƙasar Hausa, inda zafin bazara kan haura digiri 40, ajiye babur a rana da tsakar rana kan yi rabin aikin. Sai a ɗaga lungu ɗaya da farce ko tsohon katin ATM, a riƙa ja a hankali ana kwantar da ledar a kan kanta. Wanda ya fizge ta tsaye zai bar danƙon a jikin ƙarfe, wani lokaci ma ya taho da fenti, musamman in ba fentin kamfani ba ne. Tsohuwar sitikar da rana ta gasa ba ta fita gaba ɗaya, gutsurewa take yi kamar ɓawon ƙwai, nan kuwa sai haƙuri.

Farantin roba ko na kabon ya fi taurin kai. Galibi da gam ɗin silikon ake kafa shi, ko da salatif mai soso mai gam gaba da baya, irin VHB da 3M ya fitar a 1980. Silikon bai damu da ɗumi ba. Dabarar ita ce a zura zaren kamun kifi ta bayan farantin, a naɗe bakinsa biyu a guntayen itace don kada ya yanki yatsa, a riƙa ja dama da hagu kamar zarto har ya yanke gam ɗin. Banƙara shi da sukudireba kuskure ne babba: kabon tsagewa yake yi, firam ɗin alminiyom kuma nan take yake ɗaukar tabo.

Sauran danƙon da ya rage ana jiƙa shi da kananzir ko man feshin WD-40 ko sifirit, a bar shi 'yan mintuna, a murza da tsumma mai laushi, sannan a wanke da ruwa da sabulu. Ragowar silikon kuwa murje shi ake yi da babban yatsa. Tina da sinadarin asiton suna dusashe fenti su narkar da robar bodi, man birki kuma kwaɓe fenti yake yi. Fetur ya fi kowa kusa da hannun bakanike, amma haɗa shi da na'ura mai zafi kusa da tanki wasa da rai ne. A gama da ɗumi, wurin ya huce, kafin a kawo kowane mai.

Bayan an gama akan tarar fentin da ke ƙarƙashi ya fi na kewaye duhu, saboda rana ba ta taɓa shi ba, kuma man goge fenti yana rage bambancin. In an ga tsatsa, a kankare ta da samfefa mai laushi a shafa fenti kafin a sake mannawa. Wajen wuyan firam, inda aka buga lambar casis, kada samfefa ko reza su kusance shi, domin lambar da ta goge kan jawo wa mai babur tuhuma a shingen bincike da ranar sayarwa.