Waiwaye: Cordouan, hasumiyar da ke haska wa jirage hanya tun 1611

Mashigar Gironde, a kudu maso yammacin Faransa, wuri ne da matuƙan jiragen ruwa suka daɗe suna shakka. Ga duwatsu a ƙarƙashin ruwa, ga tudun yashi mai sauya wuri, kuma babu makawa sai an bi ta nan kafin a isa tashar Bordeaux. Shi ya sa tun a ƙarni na 14, lokacin da yankin ke hannun Ingila, aka gina wata 'yar hasumiya a kan dutsen Cordouan, wajen kilomita 7 daga gaɓa, ana hura wuta a samanta da dare.

Da ginin ya lalace, a 1584, zamanin Sarki Henri III na Faransa, aka ba injiniya Louis de Foix kwangilar gina sabuwa. Aiki ne na wahala, domin dutsen da ake gini a kansa yana nutsewa duk sa'ad da teku ta ciko. Ga yaƙe-yaƙen addini, ga ƙarancin kuɗi. De Foix ya mutu bai ga ƙarshen aikinsa ba, sai a 1611 aka kammala, bayan shekara 27. Abin da ya bari kuwa ya wuce wurin kunna wuta: a ciki akwai ɗakin sarki, akwai ɗakin ibada mai rufin ƙubba, ga sassaƙa a jikin duwatsu, tamkar fada a tsakiyar ruwa. Babu dai sarkin da ya taɓa kwana a ɗakin.

Ado bai hana matuƙa kokawa cewa hasken ba ya kaiwa nesa ba. Daga 1788 zuwa 1790 injiniya Joseph Teulère ya sauke saman ginin ya ɗora sabo, tsawon ginin gaba ɗaya ya kai mita 67.5. A nan ne ya cancanci yabo, don bai rushe benayen ƙasa da de Foix ya ƙawata ba, alhali da ya yi hakan da aikin ya fi masa sauƙi. A 1823 kuma masanin kimiyyar haske Augustin Fresnel ya kafa gilashinsa na farko mai tattara haske ya cilla shi nesa a wannan hasumiya, dabarar da daga baya ta bazu a gaɓar tekunan duniya. A 1862 gwamnati ta sa ginin cikin kayan tarihin ƙasa, shekara ɗaya da cocin Notre-Dame na Paris.

Lantarki ya zo a 1948, a 2006 fitilar ta koma kunna kanta. A wurare da yawa daga nan ake kwashe masu gadi a rufe ƙofa, gishiri da danshi su ci ginin a hankali. Cordouan ta tsira daga wannan. Ƙungiyar hukumomin yankin mai suna SMIDDEST ta karɓi kula da wurin, kuma har yau akwai masu gadi da ke kwana a ciki, suna karɓa-karɓa, rani da hunturu. A ganina wannan ne babban gyaran da aka yi mata, domin mai kwana a gida shi ke fara ganin inda ya tsage. An kuma yi mata garkuwar kankare a 2005 a ɓangaren da igiyar ruwa ta fi duka, sannan aka shafe shekaru ana sauya duwatsun da suka zaizaye. A watan Yulin 2021 UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya.

Mai son ziyara zai hau jirgin ruwa daga garin Royan ko garin Le Verdon-sur-Mer, tsakanin Afrilu da Oktoba. Teku ce ke yanke lokacin tafiya: sai ruwa ya janye ake sauka, kuma yanayi na iya sa a soke tafiyar baki ɗaya. Sau da yawa sai an naɗe wando an taka cikin ruwa kafin a kai ƙofa, don haka a sa takalmin da ba a jin asararsa. Masu gadin ne ke tarbar baƙi su zagaya da su. Matakala 301 ake hawa zuwa sama, inda ake hango gaɓar Médoc da ta Royan. Kafin ruwa ya sake cikowa jirgi zai tashi, saboda haka kada a ɓata lokaci a ƙasa.