Waiwaye: Ali ko Tyson, daga ina wagga gardama ta taso?

Duk ranar da anka yi wani babban damben turawa, to washegari kowace majalisa a Sakkwato, daga Mabera har Runjin Sambo, magana guda ce: da a ce Muhammad Ali da Mike Tyson sun haɗu kowa yana ganiyarshi, wa zai kashe wani? Dattawa su ce Ali, 'yan shekara arba'in su ce haba Baba ai Tyson turmi guda ya ishe shi, samari kuma su jawo Anthony Joshua da Tyson Fury da Usyk.

Gardamar ta girmi da yawa daga cikinmu. Tun 1967 wani mai shirin rediyo a Miami ta Amurka ya tattara bayanan manyan zakarun ajin masu nauyi su 16 ya zuba a kwamfuta, wai ta raba gardama. Kwamfutar ta ba Rocky Marciano kambu, ta ce wani tsohon zakara Jim Jeffries ya fitar da Ali, abin ya ɓata ma Ali rai har ya kai ƙara yana neman diyyar dala miliyan 1. Daga baya anka sasanta, anka kawo shi da Marciano wanda ya yi ritaya tun 1956 sunka yi damben wasa gaban kyamara, anka nuna shi a Janairun 1970 da sakamakon da kwamfuta ta zaɓa, wai Marciano ya kashe Ali a turmi na 13. Shi Marciano bai ma gani ba, ya rasu a haɗarin jirgin sama a Agustan 1969. Magoya bayan Ali kuwa ba su taɓa yarda da wanga hukunci ba.

Abin da ke hana maganar ƙarewa shi ne duk lokacin da zakaran wani zamani da na wani zamani sunka haɗu da gaske, ɗaya ya riga ya tsufa. Marciano ya buge Joe Louis a 1951 amma Louis na da shekara 37, mutumin da ya riƙe kambu daga 1937 zuwa 1949 ya kare shi sau 25. Larry Holmes ya lallasa Ali a 1980 Ali na da 38, jiki ya riga ya fara gazawa, wallahi kallon wasan nan ma ban tausayi ne. Shi kuma Tyson ya kashe Holmes a turmi na 4 a 1988, shi ma Holmes ɗin na da 38. To da wanne za a kafa hujja? Awa ka ɗauko Shago bayan ya aje kara ka haɗa shi da yaro ɗan ashirin a filin dambe, in ya faɗi ka ce ka gano wanda ya fi.

Sannan shi kanshi wasan ya canza. Da turmi 15 ake yi a damben kambu, sai bayan ɗan Koriya Kim Duk-koo ya mutu sakamakon karawarshi da Ray Mancini a 1982 anka fara rage shi zuwa 12. Ga kuma girman jiki: Marciano kilo 85 ne ko kusa da haka, Louis wajen 90, a yau ajin da ke ƙasa da masu nauyi za a sa su. Ali da Tyson sun kusa kilo 100, Fury kuwa ya haura 120 a karawarshi ta biyu da Usyk. Sai dai masu cewa girma shi ne komi su tuna Usyk ɗin nan daga ƙaramin aji ya hau, kuma ya buge Joshua sau biyu a 2021 da 2022, ya buge Fury sau biyu a Riyadh cikin 2024.

Ni dai ina bayan Ali kuma ba don yana musulmi ba, ko da yake na san da yawa a nan don haka sunka ƙaunace shi, kuma ba laifi ba ne. Dalilina mutanen da ya buge ne. Ya karɓe kambu hannun Sonny Liston a 1964 yana ɗan 22, sai anka ƙwace shi a 1967 don ya ƙi zuwa yaƙin Biyetnam, ya zauna fiye da shekara uku ba dambe, daidai shekarun da ƙarfin ɗan dambe ke cika, ke nan ainihin ganiyar Ali ba wanda ya gan ta. Duk da haka ya dawo, Joe Frazier ya buge shi a 1971, Ali ya rama sau biyu, ya je Kinshasa a 1974 yana da 32 ya kashe George Foreman ɗan 25 a turmi na 8, Foreman ɗin da ba a taɓa bugewa ba.

Tyson ba a raina shi, ya zama zakara a 1986 yana ɗan 20, ba a taɓa samun mai ƙarancin shekaru haka a ajin ba, ya gama da Michael Spinks cikin daƙiƙa 91. Amma ganiyar tashi gajera ce, Buster Douglas ya kashe shi a Tokyo a 1990, kuma da ya haɗu da Evander Holyfield a 1996 da 1997 da Lennox Lewis a 2002 duka bai sha ba. Magoya bayanshi za su ce ai lokacin gidan yari da rikicin rayuwa sun riga sun cinye shi, gaskiya ne, amma shi ma Ali an cinye mishi shekaru ya dawo ya yi abin da ya yi. Kuma wancan Foreman da Ali ya kayar, shi ne ya dawo a 1994 yana da shekara 45 ya kashe Michael Moorer ya sake ɗaukar kambun duniya, a zamanin su Tyson.